Koya wa Yara Sanin Dila da Mazauninsa ta Hanyar Aikin Hannu da Wasa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da malamai kan yi idan suka yi niyyar gabatar da dila ga yara ta hanyar zane, ginin yumɓu, wasan kwaikwayo da makamantansu. Amsoshin duka sun tsaya a kan abu guda, wato ba a sanin dila sai an san wurin da yake rayuwa, domin abin da ake kira wayonsa dabara ce ta samun ci da sha da tsira a wannan wurin.

Me ya sa za a zaɓi dila, alhali yara sun fi sha'awar zaki da giwa?

Saboda dila yana buɗe wa yaro ƙofofi da yawa a lokaci guda. Zaki nama kawai yake ci, giwa kuma tsirrai, amma dila yana cin ɓera da zomo da fara da ƙadangare da ƙwai da 'ya'yan itace da mushe, don haka duk yaron da ya bi sawun abincinsa sai ya ratsa kusan dukan halittun da ke dajin. Ga shi kuma ƙaramin dabba ne, nauyinsa yakan kama daga kilo 6 zuwa 14, wato bai kai nauyin yawancin yaran da ake koya wa ba. Yaro yana saurin fahimtar halin ƙaramin da ke zaune a tsakanin manya, wanda ba shi da ƙarfin ƙwace sai dai haƙuri da lura da sanin lokacin da ya kamata ya ja da baya. Bugu da ƙari, yara da yawa sun riga sun san sunansa daga tatsuniya, kuma koyarwa tana sauƙi idan akwai abin da za a ɗora a kai.

Dila iri nawa ne, kuma wanne za a nuna wa yaro?

Iri uku ne masana suke kira dila a yau. Akwai mai baƙin baya, wanda gashin gadon bayansa baƙi ne gauraye da fari kamar an shimfiɗa masa sirdi, sauran jikin kuma ja-ja. Yana zaune a wurare biyu da suka rabu da juna: kudancin Afirka, kamar Namibiya da Botswana da Afirka ta Kudu, da kuma gabashin Afirka, kamar Kenya da Tanzaniya da Habasha. Akwai mai ratsin gefe, wanda wani layi mai haske ya bi haƙarƙarinsa, kuma ya fi son wurare masu damshi da itatuwa a yamma da tsakiya da kudancin Afirka. Na uku shi ne mai ruwan zinariya, wanda mazauninsa ya taso daga kudu maso gabashin Turai, ya ratsa Gabas ta Tsakiya da Indiya har zuwa Tailan.

Akwai na huɗu da ya kamata malami ya sani. An daɗe ana ɗaukar dilan arewacin Afirka da yankin Sahel a matsayin mai ruwan zinariya, sai a shekarar 2015 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa jinsi ne mai zaman kansa, kuma ya fi kusa da kyarkecin Turai da Asiya. Masana suka sauya masa suna zuwa kyarkecin Afirka, ko da yake a bakin mutane dila ne har gobe. Manyan yara suna jin daɗin wannan labarin, domin yana nuna musu cewa ilimi ma yakan gyara kansa.

Ga ƙananan yara, a fara da biyun farko, a ba su alama guda mai sauƙin riƙewa: ƙarshen wutsiyar mai baƙin baya baƙi ne, na mai ratsin gefe fari ne. A zana jikin dila biyu ba wutsiya, a yanka wutsiyoyi daban a kwali, a ce kowa ya manna wa kowanne tasa.

Da wane aiki ya fi dacewa a fara?

Da gina mazauni, kafin a taɓa dabbar kanta. Na koyi wannan ne daga kuskuren da na yi. A karon farko da na koyar da wannan darasi, na sa yara suka yanka fuskokin dila a kwali, suka shafa musu launi, suka ɗaura da zare, aka sha wasa har lokaci ya ƙare. Da na tambaye su inda dila yake shan ruwa, sai ajin ya yi tsit, can wani yaro ya ce a kwano. Laifin ba nasa ba ne, domin abin da na ba shi fuskar kare ce mai dogayen kunnuwa, ban ba shi daji ba. Tun daga ranar nake farawa da ƙasa.

A samo babban faranti ko murfin kwali, a zuba yashi ko ƙasa, a tanadi tsakuwa da busasshiyar ciyawa da ƙananan tsinke da yumɓu da ƙyalle mai launin shuɗi wanda zai zama ruwa. Kafin yaro ya ɗora komai, a ba shi tambayoyi huɗu da gininsa zai amsa: ina dila zai sha, ina zai sami abinci, ina zai fake idan rana ta take, kuma ina zai ɓoye 'ya'yansa. A gaya masa cewa dila ba ya yawan wahalar da kansa da haƙa sabon rami, yakan gyara wanda dabgi ya bari, ko ya shiga tsohon suri, ko kogon dutse. Sai bayan an gama wurin ne za a murza dilan da yumɓu, ƙarami daidai da girman ramin.

Abin da ke faruwa a kan farantin ya fi duk bayanin da babba zai yi. Na ga wata yarinya 'yar shekara bakwai ta huda ramin da ɗan yatsa a bakin ƙyallen ruwa, tana cewa don kada uwar ta yi nisa. Na kusa da ita ya tambaye ta abin da zai faru idan aka yi ruwan sama. Ta tsaya tana kallon farantin, sannan ta share ramin da tafin hannu, ta tara ƙasa ta yi tudu a can gefe, ta kafa surin yumɓu a kai, ta huda ramin a gindinsa, ta kuma jera ciyawa a bakinsa don kada kura ta gani. Ban ce mata komai ba. Shawarata ga babba a wannan lokacin ita ce ya riƙe hannunsa, ya yi tambaya idan ta kama, amma kada ya gyara ginin da kansa.

Ashe ba daji iri ɗaya diloli suke zaune ba?

A'a, kuma nan ne darasin ya fi armashi. Idan yaran suna da yawa, a raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da farantinsa. Na farko su gina fili mai gajeriyar ciyawa da itatuwan ƙaya jefi-jefi, irin na Serengeti a Tanzaniya, inda ake samun mai baƙin baya da mai ratsin gefe da kyarkecin Afirka a yanki ɗaya, kowa da ɓangaren da ya fi so: kyarkecin a buɗaɗɗen fili, mai baƙin baya a cikin itatuwan ƙaya, mai ratsin gefe a inda ciyawa ta yi duhu. Na biyu su gina gaɓar teku ta Namibiya, inda hamada take gangarowa har bakin ruwa. A can mai baƙin baya yana sintiri a tsakanin dubban dabbobin teku masu shayarwa da ke fitowa gaɓa su haihu, yana cin waɗanda suka mutu da jariran da ba su da ƙarfi, a cikin hamadar kuma yana cin wani irin guna mai ƙaya da ake kira nara, ya yaɗa irinsa a kashinsa. Na uku su gina kurmi mai fadama, irin wanda mai ratsin gefe ya fi so. Na huɗu su gina gefen gari da gonaki, domin dila yana zama kusa da mutane a wurare da yawa, musamman a Indiya da Gabas ta Tsakiya, inda yake shiga juji da dare.

Idan an gama, a ɗauki dilan wani rukuni a ajiye a farantin wani, a tambayi masu wurin abin da baƙon zai ci yau. Ga waɗanda suka iya karatu, a ƙara da taswira. Mai ruwan zinariya yana ta faɗaɗa mazauninsa zuwa arewacin Turai, har an gan shi a Estoniya a 2013 da Denmak a 2015. A sa yara su bi wannan hanya da zare da ƙananan ƙusoshi, su kuma yi tunanin abin da zai canza wa dabbar idan ta isa ƙasar ƙanƙara.

Yaya za a nuna wa yaro bambancin dila da kare da kura da yanyawa?

Da sawu. Dila ɗan gidan kare ne, sawunsa yana da yatsu huɗu da alamar farce a gaban kowanne, sai dai ya fi na yawancin karnuka ƙanƙanta da tsukewa. Kyanwa da damisa suna janye farcensu idan suna tafiya, don haka ba a ganinsa a sawunsu. Sawun kura babba ne, na gaba ya fi na baya girma, kuma yara kan yi mamaki idan aka ce musu kura ba dangin kare ba ce, ta fi kusa da dangin kyanwa. Yanyawa kuma ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai rabin nauyin dila ba.

A sassaƙa kowane sawu a kan yumɓu a bar shi ya bushe, sannan babba ya buga su a kan jiƙaƙƙen yashi yadda za su ba da labari: sawun zomo ya nufi ruwa, na dila ya biyo shi, na kura ya gitta, na dila ya karkata gefe. A kira yara su tsugunna su karanta abin da ya faru da dare. Wanda ke son lissafi ya ƙirga haƙora: dila yana da 42, babban mutum 32, yaro kuma haƙoran nono 20.

Akwai wasan da zai sa yaro ya ji yadda dila yake farauta?

Akwai biyu masu sauƙi. Dila ya fi fita da magariba da dare da asuba, kuma kunne da hanci ne jagoransa. A naɗe takarda mai kauri kamar mazurari guda biyu, yaro ya kara su a bayan kunnuwansa, a ɗaure masa ido, wani kuma ya motsa busasshen ganye a hankali a wani lungu. Mai kunnuwan ya nuna inda motsin yake, sannan ya cire su ya sake gwadawa. Haka dila yake tsayawa cik yana karkata kai, har ya gane inda ɓera yake a cikin ciyawa, sannan ya yi tsalle sama ya dira a kansa da ƙafafun gaba.

Na biyun na hanci ne. A ɗiga wani abu mai ƙamshi a kan auduga iri biyu, a jera kowane iri a kewayen wani ɓangare na fili, a ce yara su gano da hanci inda iyakar gidan wannan ta ƙare, ta wancan ta fara. Da fitsari da kashi diloli suke shata iyakarsu, suna kuma ƙarfafa ta da kuka da dare. Yara za su yi dariya idan aka faɗi haka, a bar su su yi, sannan a ci gaba.

Wane wasan kwaikwayo ne ya dace da rayuwar iyalinsa?

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so, domin ya saɓa wa duk abin da yaro ya ji game da dila. Namiji da mace suna zama tare shekara da shekaru, sau da yawa har mutuwa ta raba. Ciki yana ɗaukar kimanin wata biyu, ana haifar 'ya'yan idonsu a rufe, ya buɗe bayan kwana goma ko ƙasa da haka, kuma ba sa leƙo bakin rami sai sun kai kimanin mako uku. Iyaye suna haɗiye nama a wurin farauta, su dawo su amayar wa 'ya'yan, domin wanda ya ɗauko nama a baki kura ko ungulu za su iya raba shi da shi a hanya. Sau da yawa kuma wasu daga cikin 'ya'yan bara ba sa barin gida, sai su zauna su taya renon ƙannensu. Masaniyar dabbobi Patricia Moehlman ta bi iyalan mai baƙin baya a Serengeti, ta wallafa a 1979 cewa iyalin da ke da irin waɗannan mataimaka sun fi raya 'ya'ya.

Ana iya mayar da wannan binciken wasa. A shata da'ira a ƙasa ta zama rami, yara huɗu su zauna a ciki a matsayin jarirai, biyu su zama iyaye, ɗaya ya zama kura. A watsa tsakuwa a nesa, ita ce abinci, kuma kowane jariri yana buƙatar guda biyar kafin lokaci ya cika. Dokar ita ce kura ba ta taɓa rami matuƙar akwai babba a bakinsa. A zagaye na farko iyaye biyu ne kawai, don haka ko dai ɗaya ya tsaya gadi abinci ya yi kaɗan, ko su tafi duka kura ta ɗauke jariri. A zagaye na biyu a ƙara yaya ɗaya, a na uku a ƙara biyu, a rubuta sakamakon kowane zagaye a allo. Ba sai an yi musu bayanin amfanin mataimaki ba, za su gani a lissafinsu, kuma yaran da ke da ƙanne a gida sukan fi kowa saurin ganewa.

Ba zai ƙyamaci dila ba idan aka ce masa yana cin mushe?

Zai iya, idan aka faɗa masa ba tare da an nuna amfanin ba. A tsayar da yara a da'ira, kowa da katin da ya zana a wuyansa: ciyawa, fara, ɓera, zomo, ƙadangare, itacen aduwa, barewa, zaki, ungulu, dila. A miƙa zare daga kowane mai ci zuwa abin da yake ci, har tsakiyar da'irar ta zama kamar saƙar gizo. Za a ga cewa hannun dila ya fi na kowa cika da zare. Sai a ce ya saki duka, a tambayi mai katin ɓera yadda zai yi yanzu, a tambayi mai katin ciyawa abin da yawan ɓeraye zai jawo masa, a kuma tambayi kowa wanda zai taya ungulu kawar da gawar da zaki ya bari. Ya kamata kuma a gyara wani zato: dila mafarauci ne na gaske, yana kama yawancin abincinsa da kansa a wurare da dama, kuma idan ya samu ya yi yawa yakan binne saura don gobe.

Shin a daina ba yara tatsuniyoyin da ke nuna dila a matsayin mai wayo da zamba?

Kada a daina. Ba a banza aka kira shi malamin daji ba, kuma ba a harshe ɗaya ba ne ake ba shi wannan matsayi, domin labaran Indiya da na Larabawa da na kudancin Afirka duk sun san shi da wayo. Abin yi shi ne a ba da tatsuniyar yadda take, da daɗinta, sannan a raba takarda gida biyu, yaro ya zana dilan labari a gefe guda, dilan daji a ɗayan. A tambaye shi abin da magabata suka gani a jikin dabbar har suka ba ta wannan suna. Wanda ya yi wasannin da suka gabata zai iya amsawa: yana jira zaki ya ƙoshi, yana sauya wa 'ya'yansa rami idan ya ji ba lafiya, yana cizon kura a cinya ya kauce kafin ta juyo. Manyan yara su rubuta sabuwar tatsuniya da sharaɗi guda, cewa dilan ba zai yi abin da dila na gaske ba ya iya yi ba, ban da magana.

Me za a ce idan yaro ya tambaya ko dila mugu ne, tunda yana kama 'yan tumaki da kaji?

A gaya masa gaskiya: yana kamawa, kuma asarar tana yi wa mai dabbobi ciwo. A Afirka ta Kudu rikicin masu kiwon tumaki da mai baƙin baya ya daɗe ƙwarai, an yi ta kashe shi da tarko da bindiga da guba, amma bai ƙare ba, guba kuma takan hallaka ungulaye da sauran dabbobin da ba su da hannu a ciki. A mayar da tambayar kan faranti na huɗu, a ba yara tsinke da zare su gina garken da dila ba zai shiga ba. Za su yi shinge, sai a tuna musu cewa yana haƙa ta ƙasa. Za su kai ga binne gindin shingen, da shigar da ƙananan dabbobi da dare, da ajiye karen gadi, da rufe juji, waɗanda su ne hanyoyin da makiyaya na gaske suke bi.

Ya halatta a kai yara su ga dila da idonsu?

A gidan ajiye namun daji ko gandun da ke da jagora, babu laifi, kuma yana da kyau kowane yaro ya tafi da takarda da fensir ya zana abin da ya gani. Amma a kafa doka tun kafin a fita: ba a kusantarsa, ba a ba shi abinci, ba a ɗaukar ɗansa ko da an same shi shi kaɗai, domin iyayen suna kusa. Dila yana iya ɗaukar cutar haukan kare, wadda take kisa idan alamunta suka bayyana. Dilan da ya daina tsoron mutane, yana tangaɗi ko yana dalalar da miyau, abin gudu ne. Duk wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar don a yi masa allurar rigakafi, ko da raunin ƙarami ne.

Daga shekara nawa za a fara, kuma ta yaya za a san darasin ya shiga?

'Yan shekara huɗu zuwa shida sun isa wasan kunnuwa da manna wutsiya da murza yumɓu, muddin babba ne ke riƙe da almakashi. Daga bakwai zuwa tara su ne masu faranti da sawu da wasan rami. Taswira da rubuta tatsuniya da maganar garke sun fi dacewa da 'yan goma zuwa sama.

Game da gwaji, kada a duba kyawun zane. Bayan mako guda a ɗauko farantin yaron, a cire ƙyallen ruwan a gabansa, a ce rani ya yi tsanani kuma tafkin ya ƙafe, sannan a tambaye shi abin da dilansa zai yi. Idan ya fara maganar inda ɓeraye za su koma, da nisan da uwa za ta yi, da wanda zai tsaya a bakin rami kafin ta dawo, sai a mayar masa da ƙyallen, a cire surin kuma a sake tambaya.